Rangadin gidan tarihin Batikan da 'yar jagora: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Tikitin shiga gidan tarihin Batikan yuro 20 ne, in ka yanka ta intanet ka ƙara yuro 5 a ajiye maka lokaci. Mu kuwa yuro 75 muka biya kowane kai, domin 'yata da ke karatun jinya a Roma ta ɗauko mana wani kamfanin 'yan jagora. Ta ce, "Baba, in ba haka ba a layi za ku wuni, ku kuma fito ba ku san me kuka gani ba." A canjin lokacin, kuɗin mutum ɗaya ya haura naira 100,000, kuma mu uku ne, ni da maman yara da ita. Tun da na dawo ake tare ni a ƙofar coci ana tambaya ko abin ya kai kuɗinsa, sai na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Bango ɗaya da ke cikin majami'ar Sistina, wanda shahararren mai zanen Italiya Mikelanjelo ya zana Ranar Shari'a a kai, ya kai wannan kuɗin har da ƙari. Matsalar tsarin rangadin ce. Sai an cinye maka ƙafa da ido tas kafin a kai ka gaban bangon, sannan a ce maka kana da minti 15.

Sana'ata fenti ce, a Kaduna: allunan shaguna, jikin manyan motoci, bangon makarantun yara. Kuma ɗan ECWA ne ni, cocin da na tashi a ciki bangonsa fari fat, ba komai sai gicciye da agogo da allon lambar waƙa. Don haka da ido biyu na shiga wurin, na mai buroshi da na wanda aka raina a kan Fitowa 20:4. Wanda ya ga na ja da wani abu a nan gaba, ya san daga inda na taso.

An ce mu haɗu a wasu matakala daura da ƙofar gidan tarihin, tafiyar minti kaɗan daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ottaviano. Daga tashar zuwa can, samari masu rataye da kati a wuya sai tare mutum suke yi, wannan ya ce layin awa uku ne, wancan ya ce tikiti ya ƙare sai a wurinsa. Kada ka tsaya. Layin waɗanda ba su yanki tikiti ba gaskiya ne, na gan shi da idona ya bi jikin ganuwar ya sha kwana. Amma ga abin da ba a faɗa maka: wanda ya yanki tikitinsa na yuro 25 ta intanet shi ma ba ya bin wannan layin. Ke nan ƙarin yuro 50 da muka biya ba na tsallake layi ba ne, galibi na bakin 'yar jagora ne da 'yar rediyon da ake maƙala wa mutum a kunne. A kan wannan ya kamata a auna su.

'Yar jagorarmu 'yar ƙasar ce, mai matsakaicin shekaru, riƙe da sanda da ta ɗaura wa ƙyalle rawaya don kada mu ɓace. Ta san aikinta, wannan ba gardama. Turancinta ne ke gudu, rediyon kuma da zarar ka yi nisa da ita ko bango ya shiga tsakani sai ya hau shuuu. Maman yara tun a zaure na biyu ta zare nata ta jefa a jaka. Mun haura mutum ashirin a ayarin, alhali tallan da 'yata ta nuna mini ya ce ƙaramin ayari ne.

Mafi amfanin abin da ta yi mana a tsakar gida ta yi shi, filin nan da ke da ƙaton kwallon itacen fir na tagulla. An kafa alluna masu hoton rufin Sistina da bangon Shari'a, domin a cikin majami'ar an hana surutu, don haka kowane ɗan jagora a nan yake yi wa mutanensa bayani. Ta kai kusan minti 20 tana nuna mana wane ne wane. Wannan bayanin ne kuɗinka. Sai dai a tsaye ake yinsa cikin rana, ayari uku na jiran allo ɗaya, kuma tsakanin bayanin da ganin ainihin bangon akwai tafiyar kusan awa biyu. Kafin ka isa rabin abin ya zube.

Tafiyar kuwa ba ta wasa ba ce. Gumakan Girkawa da na Romawa, har da na mutumin nan Lawokun da macizai suka nannaɗe shi da 'ya'yansa biyu, wanda aka tono a Roma a 1506. Dogon zauren kilisai masu hoto. Zauren taswirori mai tsawon mita 120, taswira 40 na yankunan Italiya, rufinsa sai ƙyalli. Sannan ɗakunan da mai zane Rafayel ya ƙawata. Kowanne a cikinsu ya isa mutum ya wuni, amma ba tsayawa ake yi ba, taron ne ke tura ka gaba ko kana so ko ba ka so. Mutum fiye da miliyan 6 ke shiga gidan nan a shekara, kuma kusan dukkansu ɗaki ɗaya suka nufa. Na ga wani dattijo daga ayarinmu ya jingina da taga yana murza gwiwa, ƙyallen rawaya kuwa ya yi gaba abinsa.

Ana sauka wasu matakala masu ƙunci, sai ka faɗa cikin majami'ar ta wata 'yar ƙofa a gefen bagade. A nan mutane da yawa ke yin asara. Bangon Shari'a a bayanka yake lokacin da ka shigo, kowa kuma sama yake ɗaga kai yana neman hoton nan na yatsan Allah da na Adamu. Masu gadi na kora mutane tsakiya, lokaci lokaci ɗaya ya ɗaga murya a yi shiru, ba hoto. Cunkoson sai ka ce tashar Kawo ana jibi Kirsimeti. Ɗakin tsawonsa ya ɗan haura mita 40, faɗinsa mita 13 da ɗoriya, tsayinsa wajen mita 20. Fafaroma Sistus na Huɗu ne ya gina shi, aka keɓe shi a 1483, daga sunansa aka samo na majami'ar. Shawarata, kada ka tsaya inda aka kora ka. Ratsa har ka kusa shingen marmara da ya raba ɗakin, ka juyo. In Allah ya ba ka sa'a wani ya tashi daga bencin da ke jikin bango, ka yi wuf ka zauna. Ni na samu, kuma daga nan na ga abin da ya kawo ni.

Shuɗi ne ya fara dukan idona. Bangon gaba ɗaya, kusan mita 14 a tsaye da 12 a kwance, shuɗin sama ne, jikunan mutane fiye da 300 na yawo a cikinsa. Wannan shuɗin daga wani dutse mai tsada ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a Afganistan. A rufin, wanda ya zana tun 1508 zuwa 1512, bai yi wadaƙa da shi haka ba, shi ya sa in ka ɗaga kai ka sauke za ka ga kamar ba hannu ɗaya ba ne. Mutumin ma ya canja. Rufin aikin mai shekara talatin da 'yan kai ne. Bangon ya fara shi a 1536 yana da shekara 61, ya gama a 1541. A tsakani, cikin 1527, sojojin Sarki Sharl na Biyar sun afka wa Roma, suka yi kisa da wasoso na watanni, Fafaroma Kilement na Bakwai ya tsere ya ɓuya a ganuwar Sant'Angelo. Shi wannan Kilement ɗin ne ya ba da aikin bangon kafin ya mutu a 1534, Fafaroma Bulus na Uku ya gaje shi ya ce a ci gaba. Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa ba fuskar da ke murmushi a bangon nan.

Bari in yi magana a matsayin mai fenti. Ba a kan busasshen bango aka yi zanen ba. Kowace safiya ana shafa ɗanyen yaɓe daidai inda mai zane zai iya gamawa a ranar, ya sa launi tun yana jiƙe, launin ya shige ciki su bushe tare. In ka yi kuskure ba shafewa, sai dai a sassaƙe wurin a sake yaɓawa. Masu gyara sun ƙirga irin waɗannan facin na yini yini kimanin 450 a bangon. Kuma mutum yana kan katakon hawa, hancinsa kusan a jikin bango, yana zana cinyar da ta fi shi tsayi, ba halin ya ja baya ya duba. Duk wanda ya taɓa rubuta harafi mai tsayin mutum a jikin tirela ya san yadda hannu ke yaudarar ido. Shi kuwa ya girmama mutanen sama fiye da na ƙasa don kada nisa ya ƙanƙantar da su, ya kuma sa aka yi wa bangon kwaskwarima ya ɗan sunkuyo gaba daga sama don kada ƙura ta zauna. Kafin ya fara sai da aka toshe tagogi biyu, aka rushe aikin wani mai zane Perugino da ke wurin, har da wani ɓangare na aikinsa shi kansa. Ya taɓa faɗowa daga katakon ya ji ciwo a ƙafa, ya warke ya koma.

Yesun da ke tsakiya ba irin na kalandar da muke ratayewa a falo ba ne. Ba gemu, ba doguwar riga, ƙirji faffaɗa, damtse irin na ɗan kokawa. Ya ɗaga hannun dama, na hagu yana kusa da raunin mashi a haƙarƙarinsa, kuma ba za ka iya cewa zaune yake ko miƙewa yake yi ba. Maman yara ta raɗa mini, "Wai wannan ne Ubangijin?" Maryamu na rakuɓe a gefensa, ta kau da kai, kamar lokacin roƙo ya wuce. Kewaye da su tsarkaka ne da shahidai, kowa riƙe da abin da aka kashe shi da shi: Lawurans da ƙarfen gashi, Katarina da karyayyen gargare mai haƙora, Sebastiyan da kibau. Bitrus, ƙato mai furfura, yana miƙa mabuɗai biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne su ma waɗannan a firgice suke. Idanu a zare, wasu na kare fuska da hannu. Ba wanda ya tsaya tsayuwar mai tabbacin ya ci jarrabawa.

Ƙarƙashin ƙafar Yesu ta hagu Bartalamawas ne, manzon da aka ce feɗe shi aka yi da rai. Wuƙa a hannu ɗaya, fatar jikinsa a ɗayan, tana reto kamar wanki. Fuskar da ke jikin fatar ba tasa ba ce, ta Mikelanjelo ce, lanƙwasasshen hancinsa da komai. Wani likita ne ya fara lura da hakan a 1925. Mutumin ya sa kansa a bangon, amma ba cikin tsarkaka ba, sai a matsayin holoƙon fata da ake riƙe da ita da 'yan yatsu, a saitin inda in an saki za ta faɗa wajen 'yan wuta. Na san masu zane da ke ɓoye sunansu ko fuskarsu a aiki, ni ma ina yi a gindin allo. Wannan daban ne. Na fi minti biyar a kan wannan fatar kaɗai, daga cikin 'yan mintocin da aka ba ni.

Ƙasa da su mala'iku ne masu busa ƙaho, kumatu a kumbure, ba ɗaya mai fiffike. Wasu na riƙe da littattafai biyu a buɗe, irin na Wahayin Yahaya 20:12. Na masu tsira ɗan ƙarami ne, hannu ɗaya ke riƙe da shi. Na hallakakku ƙato, sai da aka haɗa hannu. Wa'azi guda ke nan ba tare da an buɗe baki ba. A hagunka daga ƙasa matattu ke fitowa daga kabari, wasu ƙasusuwa zalla, wasu nama ya fara rufe su, wasu na fama da likkafani, Ezekiyel 37 sak. Suna hawa sama, wasu da kansu, wasu ana jan su. Akwai mutum biyu da ake ɗagowa da carbin rosari, sun damƙe shi kamar igiyar ceto, ɗayansu fatarsa ta fi duhu. 'Yar jagora ta nuna mana wannan tun a tsakar gida, ta ce amsa ce ga Martin Luther, jagoran Furotesta, da mutanensa, waɗanda a daidai shekarun suke cewa bangaskiya kaɗai ke ceto. Ta faɗa tana dariya, ba ta san jikan Luther na tsaye gabanta ba.

A damanka kuwa faɗuwa ake yi. Mala'iku na naushin masu neman hawa, aljanu na jan su ta ƙafa. Akwai wanda jakar kuɗi da mabuɗai ke rataye a jikinsa, kansa a ƙasa. Akwai kuma wani shi kaɗai, ya dunƙule, aljanu sun riƙe ƙafafunsa, wani abu na cizon cinyarsa, amma ko motsi ba ya yi. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ɗayan a buɗe yana kallon ka. Ba wuta a jikinsa, ba ƙugiya. Ya dai gane ne. A ganina duk bangon ba inda ya kai nan ƙarfi, kuma daga benci, in ba ka san inda za ka duba ba, sai ka wuce shi.

Can ƙasa wani jirgin ruwa ne, matuƙinsa ya ɗaga filafili yana jibgar mutane su sauka. A ƙuryar dama, daidai saman 'yar ƙofar da muka shigo ta ciki, wani mutum ne mai kunnen jaki, maciji ya nannaɗe shi ya cije shi a inda ba a faɗa. Vasari, wanda ya rubuta tarihin masu zanen zamanin, ya ce fuskar Biagio da Cesena ce, babban jami'in bukukuwan fadar Fafaroma, wanda ya leƙo aikin ya ce tsiraicin nan da gidan wanka ko mashaya ya dace, ba da ɗakin sujada ba. Mikelanjelo ya saka masa da wannan. Labarin da ake bayarwa shi ne ya kai ƙara, Fafaroma ya ce ikonsa bai kai cikin wuta ba. Duk wanda ya shiga majami'ar ta ƙarƙashin ƙafar mutumin nan ya bi, galibi ba tare da ya sani ba.

Daga baya ra'ayin Biagio ne ya yi rinjaye. Babban taron shugabannin Katolika na Tirento ya yi doka a kan hotunan coci a 1563, a farkon 1564 aka yanke a rufe tsiraicin, a watan Fabrairun shekarar Mikelanjelo ya mutu. Almajirinsa Daniele da Volterra aka ba aikin, har mutanen Roma suka yi masa laƙabi da mai sa wa mutane wando. Katarina da shahidi Bilasiyus da ke bayanta ma sassaƙe su aka yi aka sake zanawa. Da aka wanke bangon daga 1990 zuwa 1994, aka cire baƙin hayaƙin kyandir na ɗaruruwan shekaru, an bar ƙyallayen Volterra, an cire wasu da aka ƙara daga baya. Idon mai fenti zai gane su, sun zauna a kan jikin ne, ba su shiga cikinsa ba. Ni dai, a gaban matata da 'yata, ban yi fushi da Volterra ba.

To, ga inda nake ja. Matuƙin jirgin nan da mai kunnen jaki ba su cikin Littafi Mai Tsarki. Karon da Minos ne, daga tatsuniyoyin Girkawa, ta hanyar mawaƙin Italiya Dante suka shigo. Wannan kuwa a saman bagade. Sannan babin da aka fi karanta mana a kan wannan rana, Matiyu 25, ba na ganinsa a bangon. A can tambayar ita ce wa ka ciyar, wa ka shayar, wa ka tufasar, wa ka ziyarta a kurkuku. A bangon ba mai yunwa, ba baƙo, ba ɗan sarƙa. Akwai tsoro mai yawa, akwai ƙarfin jiki, dalilin hukuncin ne ba a nuna ba. Mun yi wannan gardamar da wani Fada ɗan Najeriya da muka haɗu da shi a wurin shan shayi bayan mun fito. Ya ce, "Baba, ka duba can sama." Yana nufin kusurwoyi biyu na ƙoli, inda mala'iku ke kokawar ɗaukar gicciye da rawanin ƙaya da ginshiƙin da aka ɗaure Yesu aka yi masa bulala. Ya ce jinƙan yana nan, an rataye shi bisa kan kowa, kuma annabi Yunusa na zaune a rufi daidai saman bangon, alamar kwana uku da tashi. Ya ƙara da cewa su ba sujada suke yi wa hoto ba, littafi ne ga wanda bai iya karatu ba. Na karɓi rabin maganarsa. Rabin da ya rage, har yanzu ina ganin mutumin da bai iya karatu ba, in ya tsaya gaban bangon nan, da tsoro zai koma gida.

Abin da ya fi ba ni haushi da rangadin shi ne abubuwan da ba a ko ambata mana ba, alhali suna cikin ɗakin. Bangon hagu in kana fuskantar bagade tarihin Musa ne, na dama na Yesu, aikin Botticelli da Perugino da Ghirlandaio da Rosselli a 1481 zuwa 1482, tun Mikelanjelo na yaro. A cikinsu akwai hukuncin Kora da Datan da Abiram na Littafin Ƙidaya 16, wanda 'yan'uwanmu Musulmi suka sani da Ƙaruna. Botticelli ya zana Musa ya ɗaga sanda, masu tawaye na zubewa da kaskon turarensu, ƙasa na buɗe baki. Daura da shi kai tsaye Perugino ya zana Yesu na miƙa wa Bitrus mabuɗai. Ba sai an gaya maka saƙon ba: ga wanda aka ba iko, ga kuma makomar mai ja da shi. A rufi akwai ruwan tsufana, mutane na hawa tudu da tukwane da jarirai, wani dattijo ɗauke da gawar ɗansa, jirgin Nuhu can nesa. Wani yanki nasa ya ɓalle a 1797 sanadin fashewar albarushi a ganuwar Sant'Angelo, facin na nan ana gani. A kusurwoyin da ke saman bagade akwai macijin tagulla da kisan Haman. Ɗakin gaba ɗaya hukunci ne bayan hukunci, daga korar Adamu da Hawwa'u har zuwa na ƙarshe. Mutumin da ya tashi da labaran nan a makarantar Lahadi zai fi kowa morewa, in an bar shi.

A cikin wannan ɗakin ne kuma kadinal-kadinal ke zaɓen Fafaroma. A nan aka zaɓi Leo na 14 ranar 8 ga Mayu, 2025, kuma Kadinal Peter Okpaleke na Najeriya na cikin masu jefa ƙuri'a. Kowannensu yakan taka zuwa bagade da takardarsa, ya kira Almasihu da zai yi masa shari'a ya zama shaida cewa wanda ya ga ya dace ya zaɓa, yana faɗa bangon nan na gabansa. Na daɗe ina tunanin wannan a kan bencin, har 'yata ta taɓa ni ta ce ƙyallen rawaya ya kai ƙofa.

Amfani ɗaya na ayari da ba zan hana su ba: akwai ƙofa a dama daga bayan ɗakin da ake bar wa masu ɗan jagora, tana fitar da kai kai tsaye zuwa babban cocin Bitrus. Mai tikitin kansa ta hagu zai fita, ya bi dogayen zauruka, ya sauka matakalar nan mai murɗewa, ya zagaya ganuwa ya sake bin layin bincike. Ga mai ciwon gwiwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma in ka bi ta dama ka fita ke nan, ba komowa.

Tunda an hana ɗaukar hoto, sai saye. Na duba hotunan da ake sayarwa a ciki da na masu tebur a bakin titi. Na ciki shuɗinsu ya yi kusa da na bangon, takardar mai kauri. Na titi rabin kuɗi ne, amma shuɗin ya koma ruwan bula, jikin mutanen ya yi ja kamar an gasa su, wasu ma hoton kafin wanki ne, baƙi ƙirin. Araha ba ta ado. Na ɗauki babba ɗaya da wani ɗan littafi mai manyan hotunan sassa sassa, kuma a cikinsa ne na ga fuskar mai ido ɗayan nan da kyau.

Daga baya 'yata ta kai mu Padova a jirgin ƙasa wajen wata ƙawarta, gari ne mai 'yan Najeriya da yawa. A can akwai ƙaramar majami'ar Scrovegni, wadda Giotto ya zana aka keɓe a 1305, shekara fiye da 200 kafin bangon Mikelanjelo. Mai kuɗin da ya gina ta ɗan wani shahararren mai cin riba ne, ga shi nan an zana shi durƙushe a ɓangaren masu tsira yana miƙa ginin, a ɗaya gefen kuma wani ƙaton Shaiɗan mai launin toka-toka shuɗi na cusa mutane a baki, Yahuza na rataye, kogin wuta na gangarowa daga kursiyin Almasihu, mala'iku biyu can sama na naɗe sararin sama kamar takarda. Ƙwarewar jiki ba ta kai ta Mikelanjelo ba, ba a ma haɗawa. Tsarin shiga ne ya burge ni. Sai ka ajiye lokaci tun kafin ranar, mutum 25 ake ɗauka a zubi ɗaya, a zaunar da ku minti 15 a wani ɗaki mai sanyi ana nuna muku bayani, ƙofa ta buɗe ku shiga nan take, bayanin na nan ɗumi a kanku. Lokacin da ake ba ka a ciki bai fi na Sistina ba, amma da sabon ido kake shiga, ba mai taka ka.

Wanda zai je Batikan, kuma bangon Shari'a ne a ransa, ya yanki tikitin yuro 25 da kansa a shafin gidan tarihin, zubin farko na safe. Ya zauna tun a gida da hoton bangon a waya ya gane inda kowa yake, ya karanta Matiyu 24 da 25 da Wahayin Yahaya 20. In ya shiga ya bi alamun da ke nuna Sistina ba tsayawa, ba mai ƙirga masa minti. Ya tafi da ƙaramin madubin hangen nesa, domin ƙolin bangon ya yi nisa da ido. Ɗan jagora na wanda ba zai iya wannan shirin ba ne, ko mai tafe da tsofaffi da ke buƙatar ƙofar dama, shi ma ya tambayi adadin mutanen ayarin a rubuce kafin ya biya. Kafaɗa da gwiwa a rufe, maza da mata, in ba haka ba a ƙofa za a tsaida ka. Atamfar maman yara da kaftanina ba wanda ya ko kalla sau biyu. Ranar Lahadi a rufe gidan yake, sai Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, ranar kuwa layin ba na dattijo ba ne. A kuma kauce wa safiyar Laraba in cocin Bitrus na cikin lissafi, domin ranar Fafaroma ke ganawa da jama'a, sau da yawa ba a buɗe cocin ga masu ziyara sai bayan an tashi.